Gajiyar Malamin Makaranta A Ƙarshen Shekara

Idan watan Disamba ya kama, manomi a ƙasar Batsari da Safana ya fara samun sararin numfashi. Gero ya daɗe da shiga rumbu, ana ƙarasa yankan dawa, ana haƙar dankali ana kai wa kasuwa. Da dare a hura wuta a ƙofar gida, a zauna ana jin ɗumi ana hira. Amma akwai mutum ɗaya a gari wanda a daidai lokacin nan ne aiki ya ke kai masa iya wuya. Shi ne malamin makaranta.

Mun sha jin iyaye suna cewa, "Malam ya sake. Kwanan nan ba a taɓa shi sai faɗa, ga shi ba ya fitowa hira." Waɗansu ma su kan ce lalaci ne, wai ya ƙosa a ba da hutu. Mu da muka riƙe alli shekara da shekaru mun san abin da ke ciki, don mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana muku dalilin wannan gajiya, da abin da kowa zai iya yi a kanta.

Yadda aka raba shekarar makaranta

An raba shekarar makaranta kashi uku, kowane kashi ana ce da shi zango. A zamanin iyayenmu shekarar ta kan fara a watan Janairu ta ƙare a Disamba. Yanzu zango na farko ya kan fara a Satumba, a rufe shi a Disamba, kafin ranar 25 ga wata, watau ranar Kirsimeti. Ko da ya ke yawancin mutanen ƙasarmu Musulmi ne, hutun na kowa ne, don tsarin makarantun boko haka ya zo tun zamanin Turawa.

Wannan zango na farko shi ya fi nauyi. A cikinsa ne a ke ɗaukar sababbin yara, waɗanda ba su taɓa riƙe fensir ba. A cikinsa ne kowane malami ya ke karɓar sabon aji, ya koyi sunayensu da halayensu, ya buɗe sabuwar rajista. Yaran kuwa sun dawo daga dogon hutun damina, rabin abin da aka koya musu bara ya zube a gona. Sai malam ya koma baya ya sake ɗora harsashi. Kafin ya ankara mako goma ya wuce, jarrabawa ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Ba mu kaɗai ne ke kuka da wannan zango ba. Har a Ingila malamai su kan yi ƙorafin makonnin da ke gaban Kirsimeti, don a can ma zangon ya kan fara a Satumba, ga sanyi, ga rana na faɗuwa da wuri. Amma namu ya fi nasu ƙari, kamar yadda za mu gani.

Bari mu yi ɗan lissafi

Tsarin ilmi na ƙasa ya ce a makarantar firamare malami ɗaya ya riƙe yara 35. Kowa ya leƙa azuzuwan garuruwanmu ya san sau da yawa abin ya wuce haka nesa.

To, a ce malami yana da yara 80 a ajinsa, yana koya musu darussa 10. Idan aka yi jarrabawa, takardu nawa zai duba? Takarda 800 ke nan. A ce kowace takarda ta ci masa minti 3. Ya zama minti 2,400, watau awa 40. In yana zama awa 4 kowane dare ba ɗagawa, sai ya yi dare 10 kafin ya gama.

Wannan duba takardu ne kawai. Kafin nan shi ya tsara tambayoyin, ya rubuta su a allo, ya tsaya a kan yara suna amsawa. Bayan nan kuma sai ya tara makin gwaje-gwajen da aka yi cikin zango ya haɗa da na jarrabawa, ya fid da wanda ya zo na ɗaya har zuwa na ƙarshe. Sa'an nan ya cika katin sakamako 80 da hannunsa, kowane da ɗan bayani a kan halin yaro. Ya rufe rajista, ya ƙidaya kwanakin da kowane yaro ya zo. Hedimasta yana jira, shi ma ofishin ilmi na ƙaramar hukuma yana jiransa. Yawancin wannan aiki a gida a ke yinsa, a kan tabarma, da tocila ko fitilar waya, bayan kowa ya kwanta.

Hunturu da kaka

Duk wannan ya faɗo ne cikin hunturu. Iska tana tasowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar hamada. Ajin da tagoginsa suka ɓalle ba ya tare ta. Malami ya yini yana ɗaga murya cikin ƙurar hunturu da ƙurar alli, don na bayan aji su ji. Shi ya sa a watan nan za ka ga malamai da yawa da mura, da tari, da dusasshiyar murya, da jan ido.

Sanyin safe kuma ya kan sa yara makara. Wani ba ya da rigar sanyi, sai rana ta ɗaga zai fito. Kaka ma tana ɗibar nata rabo. Yau an tsai da yaro ya kai dawa gida a amalanke, gobe an aiki yarinya talla ranar kasuwa, jibi ana biki a ƙauyen kakanni. Idan yaro ya rasa jarrabawar ranar, sai uban ya zo yana roƙo a yi masa tasa shi kaɗai. Malam ya ji kunya ya yarda, aiki ya koma biyu.

Kada mu manta malamin ma yana da 'yar gonarsa, don albashi kaɗai ba ya riƙe gida. Dawarsa tana tsaye tana jiransa, ga dabbobi an kusa saki.

Hanya da tsoro

Akwai wani nauyin da malaman dā ba su sani ba. Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu, kuma kowa ya san abin da ƙasar nan ta gani a hannun 'yan bindiga cikin shekarun nan. Ƙauyuka da yawa sun watse. Mutanensu suka kwararo cikin manyan garuruwa da 'ya'yansu, azuzuwan gari suka cika maƙil, waɗansu na ƙauye suka zama kufai. Malaman da a dā su ke kwana a ƙauyen da su ke aiki, da yawansu sun mai da iyali cikin Batsari, ko Dutsin-Ma, ko Katsina, su kan yi sammako a babur su koma kafin la'asar.

A daren 11 ga Disamba 2020 ne aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka kwashi ɗalibai fiye da 300. Allah ya sa aka sako su ranar 17 ga watan. Gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana a lokacin. Tun daga ran nan babu malamin da ke yammacin Katsina wanda Disamba za ta zagayo bai tuna ba. Mutumin da ke koyarwa kunnensa ɗaya yana aji ɗaya yana waje, ko bai ɗauki kaya ba zai koma gida a gajiye. Tsoro yana cin jiki kamar yadda noma ya ke ci.

Aljihu

A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na babur suka yi tashin gwauron zabo. Malamin da ke zuwa aiki daga nesa ya fi kowa ji a jikinsa. Ƙarshen shekara kuwa lokacin bukukuwa ne, kowa ya sayar da amfanin gona yana aurar da 'ya'ya, kuma ba a raba malam da gudummawa. Abokan aikinmu Kirista, da masu bautar ƙasa da aka turo daga kudu, su nasu tunanin kuɗin motar zuwa gida ne, a lokacin da direbobi suka fi tsawwala kuɗi. Mutum yana duba takardun yara, zuciyarsa tana lissafin bashi.

Yadda za a gane gajiyar ta yi yawa

Gajiya iri biyu ce. Akwai wadda barcin dare ɗaya ya ke wankewa. Akwai kuma wadda ta ke taruwa mako bayan mako har barci ya kasa ta. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan ta biyun a matsayin abin da wahalar aiki mai tsawo ke jawowa, ta kuma ba da alamunta uku. Ta farko, mutum ya ji ƙarfinsa ya ƙare sarai. Ta biyu, aikin ya fita masa a rai, ya riƙa jin haushinsa. Ta uku, aikin da ya saba yi da kyau ya fara lalacewa a hannunsa.

Jiki magayi. Kafin a kai can, a kan ga ciwon kai, da rashin barci, da rashin cin abinci, da mantuwa, da saurin fushi. Malamin da bai saba duka ba sai ya ɗauki bulala a kan ɗan ƙaramin laifi. Ya koma gida ya huce a kan iyalinsa.

Wa ke da asara? 'Ya'yanmu ne. Gajiyayyen malami ya kan yi kuskuren tara maki, yaro mai ƙoƙari ya faɗo ƙasa, ransa ya ɓaci da makaranta. Abin da ya fi wannan muni, malamin kirki ya kan yi amfani da hutun nan ya nemi a sake masa wurin aiki, ko ya bar koyarwa ɗungum ya kama kasuwanci. A dawo a Janairu a tarar da aji ba kowa a gaban allo. Samun wani ya yarda ya zo ƙauyen bakin daji kuwa ba abu ne mai sauƙi ba.

Abin da iyaye za su yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abubuwan da ba su bukatar kuɗi mai yawa.

Ku tambayi ranar da za a fara jarrabawa. Mako biyun nan ku ɗauke wa yara aikin gona da talla, su zo kullum, su zo da wuri, da fensir da abin karyawa a ciki.

Kowace makaranta tana da ƙungiyar iyaye da malamai, ko kwamitin gari mai kula da ita. Ku je taro. In tagogi sun ɓalle, a yi gayya a toshe su ko da zana ne kafin sanyi ya tsananta. In ranar sussukar dawar malam ta zo, samarin unguwa su kama masa. Yini ɗaya ne a gare su, shi kuwa mako guda aka sauke masa.

In kuna da ƙara a kan sakamakon yaro, ku je makaranta da rana, ku yi magana cikin ladabi a gaban hedimasta. Kada a tare malam a kasuwa ko a ƙofar masallaci. Ku da kuka koyi karatu, ku karɓi katin ɗanku ku karanta da kanku, ku ga inda ya gaza, ku zaunar da shi a lokacin hutu.

Mai unguwa da dagaci su sa ido a kan lafiyar malamin da ke baƙo a garinsu. In an ji labarin hanya ba kyau, a aika masa tun da dare kada ya taso.

Kuma ku gaishe shi. "Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri." Mun ga malamin da wannan kalma kaɗai ta hana shi neman canji.

Abin da malamai za su yi

'Yan'uwanmu malamai, rigakafi ya fi magani. Kada mu bar makin gwaji ya taru sai ƙarshen zango. A shigar da shi a littafi a makon da aka yi shi. In an fara jarrabawa, a duba takardun kowace rana a ranar. Malamai biyu ko uku su zauna wuri ɗaya bayan an tashi, wannan ya karanta maki, wancan ya tara. Aiki ya fi sauri, kuskure ya ragu.

Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye. Goro da shayi ba su maye gurbinsa. A sha ruwa da yawa saboda maƙogwaro, a rufe hanci da rawani ko ƙyalle a kan babur. Wanda ciwon kai ko bugun zuciya ya dame shi ya je asibiti a auna jininsa, kada ya tsaya ga ƙwayar kanti. Wanda abu ya cunkushe wa zuciya ya faɗa wa abokin aiki ko wani dattijo da ya amince da shi.

Hedimasta kuma ya raba aiki da adalci, ya faɗi ranar karɓar sakamako tun da wuri. Idan an ba da hutu, a huta. Hukuma ta taimaka da biyan albashin Disamba a kan kari, da ƙaro malamai inda yara suka yi yawa.

Jama'a, ko sa na huɗa a kan kwance masa karkiya da rana ta take, a ba shi ruwa da harawa, don ana so ya kai baɗi. Malamin da muka danƙa wa 'ya'yanmu ya fi cancanta da wannan kulawa. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa a buɗe makarantu a Janairu kowane aji da malaminsa.

Tambayoyi

1. Me ya sa zango na farko ya fi sauran nauyi?
2. Malami yana da yara 60 da darussa 10. Takardu nawa zai duba?
3. Faɗi alamu uku na gajiyar da ta yi yawa.
4. Wane taimako mutanen garinku za su iya yi wa malamansu bana?