Baki Daban, Murya Daban: Gyara Sautin Bidiyonka Kafin Ka Sauya Masa Tsari

Ka ɗauki bidiyon walimar abokinka, ko wata 'yar barkwanci da za ka ɗora a TikTok, a wayarka komai lafiya lau. Sai ka sauya fayil ɗin daga MOV zuwa MP4 don ya rage nauyi, ka kunna, ka ga ango ya rufe baki amma muryarsa tana ta zuba. Idan aikin kuɗi ne, mai shi ba zai karɓa ba. Idan kuma ka riga ka goge na asali don samun fili a waya, to an yi ba a yi ba.

Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne sake jefa bidiyon cikin wata manhajar sauya tsari, da fatan za ta gyara. Manhajar ba ta san me mutum ke faɗa ba. Hoto da sauti layi biyu ne daban a cikin fayil ɗaya, kowane da lissafin lokacinsa, kuma yadda ta same su haka za ta ɗinke su. Don haka gyara ake fara yi, sauyawa ta biyo baya.

Fara da cire abin kunne

Kafin ka zargi fayil, kashe Bluetooth. Abin sauraro mara waya yakan jinkirta sauti, musamman masu araha. Saurara da lasifikar wayar, sannan ka gwada a manhaja ta biyu kamar VLC ko MX Player. Idan can ya daidaita, fayil ɗinka ƙalau yake, kada ka taɓa shi.

Nisa ma yana da tasiri. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan guda, don haka idan ka tsaya mita 34 daga mai jawabi ka jawo hotonsa kusa, muryarsa za ta makara da kashi ɗaya cikin goma na sakan. Ido yana kama wannan.

Gano irin matsalar

Nemi wuri a farkon bidiyon inda aka tafa hannu, ko aka buga ganga, ko aka furta kalma mai harafin b ko m, inda leɓɓa ke haɗuwa. Duba tazarar da ke tsakanin motsin da ƙararsa. Sai ka tsallaka ƙarshen bidiyon ka sake dubawa. Idan tazarar ɗaya ce, sautin ya goce ne kawai. Idan kuwa farko daidai yake amma tazarar tana ƙaruwa, layukan biyu ne ba sa gudu ɗaya. Maganinsu ba iri ɗaya ba ne.

Idan tazarar ba ta canzawa

Wannan ita ce mai sauƙi. A VLC na waya akwai zaɓin Audio delay. A kwamfuta mai Windows, maɓallin K yana jinkirta sauti da milisakan 50, J kuma yana gaggauta shi da 50. Yi ta dannawa har baki da murya su haɗu, sai ka rubuta lambar. Ka sani VLC na gyara maka kallo ne kawai, fayil ɗin yana nan yadda yake, kuma wanda ka tura wa zai ga matsalar.

Domin gyaran ya zauna, buɗe bidiyon a CapCut, ka danna Extract audio don sautin ya koma layinsa, ka buɗa layin da yatsu biyu, ka ja shi har tsinin ƙarar tafin ya hau kan hoton da hannuwa suka haɗu. Mai kwamfuta zai iya amfani da Avidemux: saka lambar da ka rubuta a akwatin Shift, ka bar bidiyon a kan Copy. Haka ingancin hoton ba zai ragu ba ko kaɗan.

Idan tazarar tana ƙaruwa

A nan galibi wayar ce sila. Bidiyo jerin hotuna ne, kuma ko da ka saita 30 a sakan, wayoyi da yawa ba sa tsayawa a kan 30. Idan haske ya yi ƙasa ko wayar ta ɗau zafi, adadin yakan sauka. Ɗaukar fuskar waya, kamar lokacin wasan PUBG, ya fi kowanne wannan hali. Wayar tana rubuta lokacin kowane hoto, shi ya sa a cikinta ba ka ganin matsala, amma wasu manhajojin sauya tsari sukan yi watsi da wannan su ɗauka 30 ne tun daga farko har ƙarshe.

Ga lissafin: a ce wayar ta ɗauki hoto 29 a sakan na minti 10, hotuna 17,400 ke nan. Idan aka kunna su a kan 30, za su ƙare a sakan 580, sauti kuwa sai 600. Hoto ya tsere wa murya da sakan 20.

Don tabbatarwa, sauke MediaInfo, ka buɗe fayil ɗin, ka duba layin Frame rate mode. Idan ka ga Variable, ka kama ɓarawon. Maganin shi ne HandBrake, manhajar kwamfuta ta kyauta: shiga sashen Video, zaɓi 30 ko 25, ka danna Constant Framerate. Za ta maimaita wasu hotuna ko ta zubar da wasu don lokacin ya tsaya daidai da sautin. Lallai ne ka yi wannan da fayil na asali, domin wanda aka riga aka sauya ya rasa bayanan lokacinsa.

Idan na asalin ya ɓata, akwai sauran dabara. A Audacity, Change Tempo yana ba ka damar miƙa sautin ko taƙaita shi zuwa tsawon bidiyon ba tare da murya ta canza ba. Wanda waya kaɗai gare shi sai ya yanka sautin a wuraren da aka yi shiru, ya daidaita kowane gutsure da hannu.

Rigakafi

Tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin a fara magana, musamman idan da wata waya kake ɗaukar murya. Ɗauka inda akwai haske, kuma ka bar wayar ta huce idan ta yi zafi. Wajen karɓar bidiyo daga wani, a turo maka ta Xender ko a matsayin Document a WhatsApp, saboda turawa ta yau da kullum tana matse fayil.

Bayan ka sauya tsari, kalli farko, tsakiya da ƙarshe. Sai ka ga baki da murya sun haɗu a wuraren uku kafin ka goge na asali.