Tsuntsaye a gonakin Kelle: ko bindiga ce magani?

Kelle tana arewa da Gure, a ƙasar Kutus, cikin jihar Damagaram. Damina gajeriya ce a nan. Manomi yana shuka hatsi da dawa da wake, ya yi noma, ya yi maimai. Da zangarniya ta fara ido, sai tsuntsaye su sauka. Abin akwai ciwo. Shi ya sa wasu manoma ke cewa a nemo bindiga a harbe hankaka da kurciya, a huta.

Kafin a ɗura albarushi, ya kamata a san ɓarawon. A kuma san abin da bindiga ke iyawa da abin da ba ta iyawa.

Wane tsuntsu ke yin wace ɓarna?

Hankaka yana zuwa lokacin shuka. Yana tone iri, musamman gujiya da wake. Yana huda kankana a lambu, yana ɗaukar ƴan tsaki a gida. Amma hankaki ba su da yawa. Biyu ne, ko goma, ko ashirin.

Kurciya da hasbiya a ƙasa suka fi cin abinci. Suna tsince irin da ba a rufe da kyau ba. Da kaka suna bin tarin zangarniya da masussuka. Hasbiya tana son duwatsu don yin sheƙa, ƙasar Kutus kuwa duwatsu gare ta.

Babban ɓarawo ƙarami ne. Shi ne jan baki, da wani ɗan tsuntsu mai ruwan ɗorawa wanda ke son busasshiyar ƙasa mai ƙaya. Waɗannan dubbai suke zuwa, kamar hayaƙi. Suna sauka a kan zangarniya lokacin da ƙwaya take da madara. Suna ci da safe, su huta da rana tsaka, su komo da la'asar.

Ga lissafi. Abin da jan baki ɗaya ke ci da wanda yake zubarwa yana iya kai giram 10 a rana. Tsuntsu 1.000 ke nan kilo 10, wato kamar tiya 4. A kwana 20, kilo 200 ne: buhu 2 manya. Hankaki ashirin ba su yin wannan ɓarna a gonar hatsi.

Abin da bindiga ke iyawa

Ƙarar bindiga tana korar tsuntsu. Amma korar ba ta daɗewa. Tsuntsun da ya tashi daga wannan gona, a gonar maƙwabci zai sauka. Gobe kuma ya komo.

Hankaka wayo gare shi. In aka harbe ɗaya, sauran sun gane mai bindiga. Da sun hango shi sai su yi nisa. Da ya koma gida sai su sauko. Kurciya kuwa tana ƙwai sau da yawa a shekara, biyu biyu. Wadda aka harbe yau, wata za ta maye gurbinta. Shi kuma jan baki, ko an kashe ɗari, taron bai san an taɓa shi ba.

Ga kuma tsada. Harsashi da albarushi kuɗi ne. Manomin da ya sayar da hatsi ya sayi harsashi don ya kashe kurciya biyu, shi ya yi hasara.

Haɗarin bindiga a gona

Da kaka hatsi ya fi mutum tsawo. Mai harbi ba ya ganin abin da ke bayan kara. Wataƙila yaro ne ke tsaron gona. Wataƙila mace ce ke roron wake. Wataƙila makiyayi ne ke wucewa da bisashensa. Harsashi ba ya tambaya. Bindigar maƙera kuma takan fashe a hannun mai ita in aka cika mata albarushi.

A zamanin nan, wanda aka gani da bindiga a daji ba takarda, ana iya ɗaukarsa ɗan fashi.

Abin da doka ta ce

A Nijar akwai dokar farauta, mai lamba 98-07, ta ranar 29 ga watan Afrilu 1998. Dokar ta ce ba a farauta sai da takardar izini. Ta hana farauta da dare. Ta hana sa guba a abinci don kashe namun daji da tsuntsaye. Riƙon bindiga ma yana da tasa takarda dabam. Wanda tsuntsaye suka dama, ya fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji ya ji bayani, kafin ya taɓa bindiga.

Maganar guba babba ce. Kurciyar da ta ci hatsi mai guba, yaro na iya tsintarta ya gasa. Kare da angulu da shirwa na iya cin mushenta su mutu. Kaji da zabin gida ma ba su tsira ba.

Tsuntsu yana da amfani

Hankaka yana cin fara da tsutsa da kusu. Yana share mushe a bayan gari. Shamuwa da balbela suna bin gona suna cin fara wuni guda. Mujiya tana kama kusu da dare. Manoman da suka ga farar 1988 da ta 2004 sun san wane ne babban abokin gaba.

Abin da ya faru a ƙasar Sin darasi ne. A shekarar 1958 hukumar ƙasar ta ba da umurni a kashe ƙananan tsuntsayen da ke cin hatsi. Jama'a suka fito da ganguna da kwanoni, suka hana tsuntsaye sauka har suka riƙa faɗowa don gajiya. Aka fasa ƙwai, aka rushe sheƙa. Da tsuntsaye suka ragu, sai fara da ƙwari suka yi yawa, don babu mai cin su. Wannan ya ƙara tsananta babbar yunwar da aka yi a ƙasar daga 1959 zuwa 1961. A 1960 hukuma ta dakatar da kisan.

A Amurka ma an yi wata irin kurciya mai yawan gaske, wadda taronta ke rufe rana. Aka yi ta harbinta ba ƙaƙƙautawa. Ta ƙarshe ta mutu a 1914.

Ba sai an je nesa ba. Dā jimina tana yawo a dajin ƙasar nan. Farauta ta ƙarar da ita. Shi ya sa aka kafa wurin kiwon jimina a Kelle, don kada irinta ya ɓace.

To, yaya za a tsare gona?

1. A rufe iri da kyau lokacin shuka, a taka ramin da ƙafa. Kurciya ba ta tono mai zurfi.

2. Mutanen gari su yi shuka lokaci ɗaya. Gonar da ta riga sauran nuna, ko ta yi baya, ita tsuntsaye ke taruwa a kai.

3. A yi noma da maimai a kan lokaci. Ƴaƴan ciyawa su ke fara jawo tsuntsu cikin gona.

4. Inda tsuntsu ya yi yawa, a gwada hatsi mai gashi a zangarniya. Gashin yana tsone wa tsuntsu ido.

5. A kafa rumfa mai tsawo a tsakiyar gona. A ja igiyoyi, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Mai tsaro ya riƙe majajjawa. Ya iso kafin rana ta fito, ya kuma tsaya da la'asar.

6. In an kafa mutum-mutumi, a riƙa sauya masa wuri da riga bayan kwana biyu ko uku. In ya daɗe wuri ɗaya, tsuntsu ya saba da shi.

7. Maƙwabtan gona su raba kwanakin tsaro tsakaninsu. Ta haka in an buɗe lakkwal a watan Oktoba, yara ba za su rasa karatu ba.

8. Hatsi na nuna, a yanke. Kada damma su daɗe a gona. A kai rumbu, a gyara rufinsa.

In taron ya fi ƙarfin gari

Jan baki yana kwana wuri ɗaya, a cikin itatuwan ƙaya, sau da yawa kusa da ruwa. Wanda ya ga inda suke kwana ko inda suka yi sheƙa, ya gaya wa mai gari. Mai gari ya sanar da malamin gona, shi kuma ya kai labari ga ma'aikatan kare amfanin gona a Gure. A faɗa musu sunan wurin, da girmansa, da ranar da aka fara ganin tsuntsayen. Tun 1965 ƙasashen yankin nan suka haɗu suka kafa ƙungiyar OCLALAV don yaƙi da fara da tsuntsaye, saboda sun gane aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. In ma'aikata suka yi feshi, kada kowa ya ci tsuntsun da ya faɗi. A tara su a binne, a kuma nisanta bisashe daga wurin.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A tattauna wannan magana a ajin yaƙi da jahilci, a tsara tsaron gonaki tun kafin hatsi ya yi ido.