Garmar Da Ba Mai Riƙo

Manoman Zango da na sauran ƙasar Daura suna yawan tambayar malaman gona labarin wata tarakta da aka ce tana huɗa ita kaɗai, ba direba. To, labarin gaskiya ne. A watan Janairu na 2022 kamfanin John Deere na Amurka ya nuna ta ga jama'a. An sa mata kyamarori 12, bibbiyu, suna duban gaba da baya da kowane gefe. Manomi zai kai ta gona, ya nuna mata iyaka, ya tafi harkarsa. Amma akwai abin da masu ba da labarin kan manta. In ta ga wani abu a gabanta wanda ba ta gane ba, sai ta tsaya cik, ta aika da hotonsa, ta jira mutum ya yanke hukunci. Watau har masu ƙera ta ba su sakar mata ragama duka ba.

Mai garmar shanu ba zai yi mamakin wannan ba. Tun kafin 1930 Ma'aikatar Gona ta fara koya wa manoman Arewa noma da shanu, daga baya garmar Emcot ta bazu ko'ina. Ba wanda ke sayo bijimi yau ya ɗora masa karkiya gobe ya ce a yi huɗa. Sai an hore shi. Ya ja gungume tukuna, ya saba da murya, ya san inda ake juyawa a ƙarshen kunya. Shi ma manomin yana koyo, ya san wanne ne mai gaggawa, wanne ne mai kwanciya in rana ta take. Sa'an nan ne aiki ke tafiya, har wani ya daina sa yaro ya ja masa igiya a gaba.

Injin kuwa, kome wayonsa, bai san gonarka ba. Ƙasarmu jigawa ce, damina gajera. In aka bar faifan tarakta ya nutsa ƙwarai sai ya birkice ɗan takin da ke sama, iska ta kwashe sauran. Ɗan gawon da ka bari yana tasowa don ya yi wa gero taki, a wurin injin ciyawa ce. Layin gamba da ya raba ka da maƙwabcinka tun zamanin kakanni ma haka. A ƙetare shi da kunya biyu kawai, sai zance ya kai gaban dagaci. Manyan gonakin Amurka da aka ƙera wancan injin dominsu ba su da irin waɗannan abubuwa a tsakiya.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne dabarar kamfanin Hello Tractor, wanda Jehiel Oliver ya kafa a 2014 ya fara aiki a Nijeriya. Wata 'yar na'ura ce ake liƙa wa tarakta, ta riƙa sanar da mai ita ta waya inda take da yawan aikin da ta yi. Wakili kuma ya tara manoman wuri guda a yi musu aiki tare. Wannan ya rage zargi tsakanin mai tarakta da direba, gama da can direba kan ce ya yi eka biyar alhali ya yi takwas. Sai dai na'urar faɗin wuri take ƙirgawa, ba ta faɗin ko kunya ta yi kyau. A ganina nan ne manoma da yawa suke sakaci, su biya kuɗi su tafi kasuwa.

Saboda haka, jama'a, wanda zai yi hayar tarakta bana ya shirya tun kafin ruwan shuka. Ya tone kututture, domin shi ke karya faifai, direba kuma ya yi fushi ya ƙi dawowa. Ya kafa turaku a kan iyaka, maƙwabci yana tsaye. Kowane ɗan gawo a ɗaura masa tsumma mai launi. In injin ya zo, a sa ya yi kunya uku ya tsaya, a duba zurfi da tazara, a gyara kafin ya ci gaba. A auna gonar tare da direba, a kuma rubuta kuɗin eka a gaban shaida kafin a ta da injin.