Ba Asiri Ba Ne, Damfara Ce: Faɗakarwa Ga Masu Riƙe Da Waya

Wata magana ta daɗe tana yawo a bakunan mutanenmu na Likoro da garuruwan da ke maƙwabtaka da mu, tun daga Hunƙuyi da Kudan har kasuwannin Maƙarfi da Ikara, wadda na yi ta kawar da kai daga gare ta bisa zaton za ta mutu don kanta, amma sai na ga kullum ƙara samun gindin zama take yi, har ta kai dattawa masu furfura suna faɗinta a ƙofar masallaci ba mai tanka musu. Maganar kuwa ita ce wai 'yan damfarar nan masu kiran mutane a waya da asiri suke aiki, wai da zarar ka ɗauka ka amsa sallama an ɗaure maka hankali ke nan, kuɗin da ke asusunka na banki kuwa sai su bi iska ko ba ka furta kome ba. Duk wanda aka cuta, in ka tambaye shi yadda aka yi, amsar guda ce: "Wallahi ban san lokacin da na faɗa musu ba, asiri suka yi mini." Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, domin na haƙiƙance ɓarnar wannan magana ta fi ta 'yan damfarar kansu, tun da ita ce ke hana mu koyon abin da zai tsare mu.

Ba sai na tsaya dogon sharhi kan ma'anar damfara ba, kowa ya san ita ce cin dukiyar mutum ta hanyar yaudara, haramcinta kuwa bai ɓuya ko ga ɗan makarantar allo ba. Hanyarta ce kurum ta sauya. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, Babban Banki ya fito da lambar BVN a 2014, aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN a ƙarshen 2020, sa'an nan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tilasta wa manomin rake da mai sayar da tumatir da matar da ke cikin kulle su buɗe asusu ko suna so ko ba sa so, sai ya zamana dukiyar talaka ta tashi daga ƙarƙashin matashi ta koma cikin waya, ɓarawo kuwa, da yake shi ma da zamani yake tafiya, ya bar haura katanga ya koma buga lamba. Akwai kuma kiran talla da saƙonnin kamfanoni masu damun mutane dare da rana, amma wannan ciwon kai ne kawai, maganinsa yana nan tafe a gaba.

Tsoron waya ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 2004 an baza ji-ta-ji-ta cewa akwai wasu lambobi da in mutum ya amsa kiransu sai ya faɗi matacce, a watan Satumba na 2011 kuma aka sake tayar da ita da lambar 09141, har sai da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta fito ta shaida wa jama'a cewa babu yadda za a yi kiran waya ya kashe mutum. An yi wannan firgita an gama, ba a nuna wa kowa kabarin wanda lamba ta kashe ba, amma maimakon mu ɗauki izina, sai muka sake wa tsohuwar ƙarya riga, muka ce yanzu ba rai take ɗauka ba, hankali da dukiya take ɗauka.

Kada wani ya ce ina musun samuwar sihiri. Alƙur'ani mai girma ya ambace shi, malamai kuma sun yi bayanin hukuncinsa. Abin da nake musu shi ne a ɗauki kowace gafala tamu a jingina ta ga sihiri ba tare da hujja ba. Ina roƙon mai karatu ya yi tafakkuri a kan abu guda: in da mutumin nan yana da asirin da zai kwashe kuɗi da jin muryarka kawai, me zai sa ya ɓata lokacinsa da kuɗin katinsa yana lallashinka, yana kiranka Alhaji, yana roƙon ka ɗauko katin banki ka karanta masa lambobi goma sha shida da ke gabansa, da ranar ƙarewarsa, da lambobi uku na bayansa, sa'an nan ya ce kada ka kashe waya, ga wani saƙo nan zai shigo, ka karanto masa abin da ke ciki? Mai buƙatar waɗannan abubuwa duka ya riga ya shaida da bakinsa cewa ba ya iya taɓa ko kwabo sai ka miƙa masa mabuɗi. Haka kuma, in da sihirin nan gaskiya ne, me ya kawo shi kan dubu talatin na manomin Likoro, alhali ga attajiran Kantin Kwari can a Kano, su ma da wayoyi a aljihu?

Wani zai ce, "To, yaya aka yi ya san sunana da sunan mahaifina?" Wannan ita ce shubuhar da ta fi rikita mutane, amsarta kuwa ba wuya. Duk wanda ya taɓa tura kuɗi ya san da an sa lambar asusu sai cikakken sunan mai shi ya bayyana, asusun irin su OPay da PalmPay kuwa lambar wayar mutum ce ake cire mata sifirin farko, saboda haka wanda ya san lambarka yana iya ganin sunanka cikin ƙiftawar ido. Akwai manhajar Truecaller wadda aikinta ke nan, nuna sunan mai lamba. Ga kuma takardun da muke cikawa ba bincike duk lokacin da aka ce za a raba taki ko tallafi, inda mutum zai rubuta sunansa da lambarsa da BVN ɗinsa ya miƙa wa wanda bai san daga inda ya fito ba. Sanin suna dai ba karama ba ce, mu ne muka watsar, shi kuwa ya tsinta.

Abin da mutane ke ji kamar an ɗaure musu hankali kuwa, sunansa firgici da gaggawa da kwaɗayi, da su ɗan damfara ke noma. Ko dai ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka kafin la'asar in ba a gyara BVN ba. Ko ya ce ɗanka ya yi haɗari a hanyar Zariya, yana kwance a asibitin Shika, likita ba zai taɓa shi ba sai an biya. Ko ya ce sunanka ya fito a tallafin gwamnati, saura kuɗin rajista. Cikin kowane hali ba zai bar ka ka numfasa ba, ba kuma zai yarda ka shawarci kowa ba, domin ya san da ka sami minti biyar na natsuwa, ko ka juya ka tambayi na kusa da kai, kasuwarsa ta watse. Shi kuma ba kai kaɗai ya kira ba; lambobi yake bi ɗaya bayan ɗaya tun safe, mafi yawa su zage shi su kashe, kai ne aka yi rashin sa'a kiran ya same ka kana da ɗa a kan hanya ko kana jiran tallafi.

Mafi muni a cikinsu, wanda ya fi ɓata mini rai, shi ne mai kira da tsakar dare da wata irin murya, ya yi sallama, ya jawo aya, ya ce shi aljani ne Musulmi, an aiko shi da arzikinka, sai dai ka fara ba da sadaka ta hanyar tura kati ko kuɗi, in kuwa ka faɗa wa wani za ka haukace ko ka rasa ɗa. Subhanallahi! Muryar nan ba daga gaibu take ba, akwai wayoyi masu araha a kasuwa da ke sauya murya ta koma ta tsoho ko ta mace ko ta yaro. Wane irin aljani ne mai taskar zinariya wanda ba ya iya sayen katin naira ɗari biyar? Bayin Allah nawa, musamman mata, suka sayar da akuya da kayan ɗaki saboda wannan wasan yara, suka kuma rufe bakinsu don tsoro! Mai yin wannan ya haɗa zunubi biyu, cin haram da wasa da ayoyin Allah, mai gaskata shi kuwa ya sa imaninsa cikin haɗari, domin sanin gaibu na Allah ne Shi kaɗai.

Illar cewa asiri ne ita ce, wanda ya yarda da haka zai tafi neman laya da rubutun sha, ya bar lambar sirrinsa a rubuce a bayan waya. Wanda aka cuta kuma ya sami mafakar kunya, ba zai faɗi haƙiƙanin yadda aka yi ba balle maƙwabcinsa ya tsira. Lalle rashin aikin yi da sakacin masu riƙe da bayanan jama'a da jinkirin hukunci suna da nasu kaso, amma ba su ne a hannunmu ba. Abin da ke hannunmu shi ne riƙo da sababi, domin addu'a da tawakkali ba su kore taka-tsantsan ba, kuma a cikin Suratul Hujurati an umurce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi.

Na farko dai, lambar sirri ta kati, da lambar nan da banki ke turowa ta saƙo lokacin fitar da kuɗi, wadda ake kira OTP, ba a faɗa wa kowa su, ko da ya rantse da Alƙur'ani cewa shi ne manajan banki, domin banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi waɗannan. Haka lambobi shida da WhatsApp ke turowa. Wanda ya ce ka karanto masa su don ya sa ka a wani taro, so yake ya ƙwace shafinka ya bi 'yan'uwanka yana roƙon kuɗi da sunanka. Duk wanda ya kira da maganar asusu, kashe wayar, ba rashin ladabi ba ne, sa'an nan ka kira lambar da ke bayan katinka, ko ka hau mota ka je reshen bankin a Zariya. Kuɗin motar bai kai abin da za ka rasa ba. In an ce wani naka ya yi haɗari, kira shi a lambar da ka sani, in ba ta shiga ba kira abokin tafiyarsa ko wani ɗan'uwa a garin, kada ka tura ko sisi kafin ka ji muryar wanda ka amince da shi. In kuwa barazana ce, mai kira ya ce shi ɗan bindiga ne, kada ka raina kada kuma ka ɓoye, kai maganar ga mai unguwa da 'yan sanda tare da lambar.

Ku 'yan kasuwa masu lodin rake da tumatir da masara, kada ku saki kaya don an nuna muku alat, ko don saƙo ya shigo wayarku, sai kun duba abin da ke cikin asusun da kanku, domin saƙon ƙarya ba shi da wuyar ƙirƙira. Wanda ya ce ya turo maka kuɗi bisa kuskure, ka duba tukuna, in gaskiya ne a mayar ta hannun banki. A wurin mai POS, karɓi na'urar ka danna lambarka da hannunka, ka daina faɗinta da ƙarfi a tsakiyar kasuwa. Sa wa layinka lambar kulle, musamman in kana barin waya a shagon caji, domin wanda ya zare layin da ke haɗe da asusunka ya yi rabin aiki. Ranar da waya ta ɓata kuwa, a ranar za ka sa banki ya rufe asusun, kamfani ya toshe layin, ba sai gari ya waye ba. Kada ka ara wa kowa asusunka a turo masa kuɗi, kada kuma ka yi wa baƙo rajistar layi da NIN ɗinka don ɗan abin da zai ba ka, domin ranar da bincike ya tashi ƙofarka za a ƙwanƙwasa. Duk tallafin da aka ce sai ka biya kafin ka samu, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa.

Masu damun ka da talla kuwa, tun 2016 NCC ta tanadi lambar 2442: rubuta STOP ka tura mata, kyauta ne, za a dakatar da saƙonnin talla a layinka. In ana cire maka kuɗin wani abin da ba ka nema ba, fara kai kuka ga kamfanin layin, in bai share maka hawaye ba kira 622, layin ƙorafi na hukumar, shi ma kyauta. Amma a sani 2442 ba ta hana ɗan damfara kira, don shi ba da izini yake aiki ba. Nasa maganin toshe lambarsa da gargaɗin jama'a.

In kuwa ƙaddara ta riga ta faɗa, to, gaggawar da ɗan damfara ya sa ka ita za ka yi wajen sanar da banki, domin kuɗin da ba a riga an fitar ba ana iya riƙe su. Kada ka goge lambar ko saƙonnin, da su za ka je wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kaduna. Mu kuma sauran jama'a mu bar yi wa wanda aka cuta dariya, domin dariyarmu ce ke sa shi fakewa da asiri.

Ina kira ga limamanmu da malaman Islamiyya su sa wannan mas'ala cikin huɗuba da karatu, masu unguwanni su sa a yi shela, kowane magidanci kuma ya zaunar da iyalinsa da tsofaffinsa ya karanta musu, tun da da yawa daga waɗanda aka fi cuta ba sa karatun boko, amanarsu kuwa tana wuyan waɗanda suka iya. Allah Ya tsare mana imaninmu da dukiyarmu, Ya shiryi masu wannan mugunyar sana'a, in ba masu shiryuwa ba ne Ya tona asirinsu. Amin.