Awon Taliya

Taliya abinci ce da a ke yi da garin alkama. A kan kwaɓa garin da ruwa, a murza shi ya zama sili-sili, sa'an nan a shanya ya bushe. Akwai doguwa siririya, akwai gajera mai rami a tsaka wadda a ke kira makaroni, akwai kuma wadda a ke naɗewa kamar sheƙar tsuntsu.

Hanyar awon abinci iri biyu ce. Mudu da gwangwani suna auna yawan wurin da abu ya cike. Sikeli kuwa nauyin abu ya ke aunawa. A da a kan auna nauyi da laba da oza, amma yanzu da kilo da giram a ke yi. Giram 1,000 shi ne kilo ɗaya.

In an zuba gero cikin mudu, ƙwayoyinsa ƙanana ne, sai su matsu da juna. Saboda haka mudun gero na yau da na gobe kusan nauyinsu ɗaya. Taliya ba haka ta ke ba. Silinta ya kan gitta juna, ya bar sarari a tsakani, ba kome cikin sararin nan sai iska. Iska kuwa ba ta ƙosad da mai jin yunwa. Gwangwanin da aka cika da naɗaɗɗiyar taliya bai kai nauyin wanda aka cika da ƙananan makaroni ba, ko da ya ke gwangwanin ɗaya ne. Uwargidan da ba ta san wannan ba, wata rana sai abinci ya kāsa baƙinta ta ji kunya, wata rana kuwa ya yi yawa a yi asara.

Ga yadda a ke mai da awon gwangwani ya zama awon nauyi. Da fari a ɗora gwangwanin wofi bisa sikeli, a rubuta nauyinsa. Sa'an nan a cika shi da busasshiyar taliya daidai baki, a sāke aunawa. A ɗebe nauyin farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne nauyin taliyar. Misali, in gwangwani wofi giram 30 ne, da aka cika shi ya zama giram 130, to, ya ci giram 100 ke nan. In kowane mutum zai ci giram 100, gidan mutum shida gwangwani shida za a dafa musu. Daga ranar nan ba sai an koma ga sikeli ba, sai fa in an sāke irin taliya ko an sāke gwangwani.

Kullum busasshiya a ke aunawa, domin in ta dahu ta kan sha ruwa ta kumbura, nauyinta ya ninka har ya ɗara. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Gaskiya ne, amma idon da ya taɓa duban sikeli ya fi sanin ƙimar.

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin awon mudu da awon sikeli?
2. Don me a ke fara auna gwangwani wofi?
3. Ƙunshin taliya mai giram 500 zai ishi mutum nawa, in kowa zai ci giram 100?