Aikin zayyana tsarin kwamfuta: Abin da matashi zai sani kafin ya zuba dalarsa a jarrabawa

A karofin Ƙofar Mata da ke birnin Kano, wanda tarihi ke dangantawa da shekarar 1498, ba a miƙa wa sabon yaro ramin baba ranar da ya zo. Sai ya daɗe yana tsoma yadi yana shanyawa kafin a yarda ya haɗa baba da toka da kanwa da hannunsa, domin haɗi ɗaya da ya ɓaci asarar kwanaki ce da jari.

Haka lamarin yake a wata sana'ar zamani da matasa ke yawan gani a tallan neman ma'aikata da sunan solutions architect, wato mai zayyana tsarin kwamfuta na kamfani ko ma'aikata. Ba aikin farawa ba ne, matsayi ne da ake kaiwa bayan shekaru ana aiki. Wanda bai san haka ba zai iya biyan kuɗin jarrabawa da dala, ya ci, kuma ya ci gaba da zaman jiran aiki.

Mene ne aikin?

A ɗauka marinan Ƙofar Mata sun so sayar da kayansu ga masu saye a Legas da Landan ta intanet. Mai rubuta manhaja zai gina shafin. Amma kafin nan akwai tambayoyin da sai an amsa: ina za a ajiye bayanan masu saye? Ta wace hanya kuɗi zai shigo? Me zai faru idan wuta ta ɗauke ko netwok ya yanke ana tsakiyar ciniki? Nawa tsarin zai riƙa ci a wata, kuma ribar rini za ta iya ɗaukarsa?

Mai zayyanar ne ke amsa su, ya zana taswirar, ya bayyana wa masu kuɗin da harshen da za su gane, sannan ya ja ragamar masu ginawa. Idan ya yi kuskure a wuri mai girman Asibitin Murtala da ke nan kusa, bayanan dubban marasa lafiya ne a kan siraɗi.

Karatun da ake buƙata

Yawancin masu ɗaukar aiki na neman digiri ko babbar difloma a kimiyyar kwamfuta, injiniyan manhaja ko makamantansu. A Kano ana samun wannan karatu a Jami'ar Bayero, da Jami'ar Aliko Ɗangote da ke Wudil, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano.

A 2024 hukumar NBTE mai kula da kwalejojin fasaha ta raba babbar diflomar kimiyyar kwamfuta gida huɗu: ƙirƙirarriyar basira, haɗa na'urori da hayar manyan kwamfutoci ta intanet, gina manhaja da shafuka, sai tsaron intanet da kare bayanai. Na biyun ne ya fi kusa da wannan aiki, ko da yake mai zayyana sai ya san wani abu a kowanne.

Wanda bai samu gurbi ba zai iya somawa da gajeren horo, irin shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ko na cibiyoyi kamar CITAD da reshen Digital Bridge Institute na Kano. Sai dai horon wata uku ƙofa ce kawai.

Takardun shaida da kuɗinsu

Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi nema ita ce AWS Certified Solutions Architect ta kamfanin Amazon. Matakin farko dala 150 ne, tambayoyi 65 a minti 130, kuma ana buƙatar maki 720 cikin 1,000. Babban matakin dala 300 ne. Takardar na aiki shekara uku, daga nan sai a sabunta.

A ɓangaren Microsoft akwai jarrabawar AZ-305, amma ba a ba da takardar sai mutum ya ci AZ-104 ta masu kula da tsarin Azure. Manyan ma'aikatu kamar bankuna kan tambayi TOGAF, wadda ta shafi tsara fasahar ma'aikata baki ɗaya.

Ana iya zana jarrabawar Amazon daga gida ƙarƙashin sa idon kyamara, amma wanda ba ya da tabbacin wuta da netwok gara ya nufi cibiyar jarrabawa. Kamfanin da kansa yana ba da shawarar a yi aƙalla shekara guda ana aiki da tsarinsa kafin a zauna mata.

Abin da takarda ba ta bayarwa

Hanyar da aka fi bi ita ce a fara da rubuta manhaja, ko kula da netwok, ko gyaran matsalolin kwamfutocin ofis. A nan ake ganin yadda tsari ke rushewa da yadda ake tayar da shi. Ana kuma buƙatar sanin Linux, da rumbun bayanai, da harshen manhaja ko da guda ɗaya kamar Python, da Turanci mai kyau don rubuta rahoto.

Sanin doka ma ya zama dole. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan tattara bayanan mutane da fitar da su ƙasashen waje, kuma yawancin manyan kwamfutocin da ake haya a waje suke.

Sai kuma iya sauraro. Ɗan kasuwar Kwari ba zai ce yana son rumbun bayanai ba. Cewa zai yi lissafin shagunansa uku ba ya haɗuwa. Gano abin da yake nufi, da faɗa masa gaskiyar abin da aljihunsa zai iya, shi ne rabin aikin.

Saboda haka matashin da ya tara kuɗin jarrabawa zai fi cin riba idan ya fara gina wa wani shago ko makarantar Islamiyyar unguwarsu ƙaramin tsari, ya kula da shi na watanni, ya rubuta abin da ya lalace da yadda ya gyara. Ranar ganawar neman aiki, tambayar da za a fi tsare shi da ita ke nan: me ka taɓa ginawa, kuma me ya faru da ya tsaya?