Takardar da Ke Sauke Bashin Magina Daga Kan Gida a Amurka

A Amurka mutum na iya biyan ɗan kwangilarsa kuɗin gini tsaf, ko sisi ba a binsa, amma ya wayi gari an ɗora wa gidansa bashi. Babban ɗan kwangila ne ya karɓi kuɗin ya yi gum, bai sallami mai kawo siminti ko mai aikin famfo ba. Su kuwa doka ta ba su damar zuwa ofishin rajistar filaye na gunduma su rubuta bashinsu a kan gidan kansa. Daga ranar, sayar da gidan ko cin rance da shi ya zama jidali, in abin ya yi tsami kotu ta sa a yi gwanjonsa.

Dokar ba ta yau ba ce. Majalisar jihar Maryland ce ta fara kafa ta a 1791, lokacin da ake zawarcin magina su zo su gina birnin Washinton, kuma Thomas Jefferson da James Madison na cikin waɗanda suka nemi a yi ta.

Mai gida da bankin da ya ba shi rance ba za su yarda su biya sau biyu ba. Shi ya sa duk sanda kuɗi zai fita, sai kowa da ke da gumi ko kaya a aikin ya sa hannu a takardar janye haƙƙi, cewa ya sauke da'awarsa daga kan gidan gwargwadon abin da aka biya shi. Kalifoniya da Teksas sun tsara kalmomin takardar a cikin doka, iri huɗu: na biyan tsakiyar aiki da na biyan ƙarshe, kowanne da mai sharaɗi da marar sharaɗi.

A nan ne hankalina ba ya kwanciya. Ɗauki mai ɗora rufi ranar Juma'a da yamma, yaransa na tsaye bakin mota suna jiran kuɗin mako. Akawun babban ɗan kwangila ya turo masa takarda ya ce, "Sa hannu nan, cakinka na hanya." In mai sharaɗi ce, ba ta da ƙarfi sai kuɗin sun shiga asusunsa. In marar sharaɗi ce, da biro ya ɗaga shi ke nan. Ko cakin ya dawo wayam, gidan ya kuɓuce masa, saura ya bi ɗan kwangilar da wataƙila jarinsa ya riga ya karye. Kalifoniya ta wajabta a buga gargaɗi a saman wannan takarda, cewa za ta yi aiki a kanka ko da ba a biya ka ba. Amma wanda yara ke jira a waje bai cika tsayawa karatu ba.

Yawancin jihohi ba su da tsayayyen rubutu, lauyan mai biya ne ke tsara abinsa. A nan ake cusa layin da zai haɗiye ƙarin aikin da aka yi da baki, har da kuɗin ajiya, wato kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari da ake riƙewa sai an gama gini, wanda sau da yawa shi ne ribar ƙaramin ɗan kwangila gaba ɗaya. Jihar New York ta toshe wata ƙofar: sashe na 34 na dokarta ta bashin magina ya soke duk yarjejeniyar da ta sa magini ya yafe wannan haƙƙi tun kafin a biya shi.